Garin da Za Ka Kai Injin Iska

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, Ɗan Haboba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da yake katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma da safen nan na ji muryarka kana faɗa da ƙannenka a kan sabulu. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum.

Ranar Juma'a muna kan tiren abinci bayan an sauko daga masallaci ka ajiye lomarka ka ce, rabi Hausa rabi Larabci yadda kuka saba, "Yaba, ranar Alhamis zan hau mota da injin. Ka faɗa min gari ɗaya, wahid bas, wanda in ƙasa ta shiga matsi shi ba ya kwanciya." Na ce maka, "Ci abincinka." Na ga ka ɗauka fushi na yi. Wallahi ba fushi ba ne. Kai ɗan fari ne, ka san ban saba doguwar magana da kai ido da ido ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira a gaban mutane ba. Ina ɗan shekara goma sha tara aka haife ka, kakarka Haboba ta ɗauke ka ta rene ka, har yau a kasuwa wasu suna ce min, "Ina ƙanin nan naka mai faci?" Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuwa, ban san amsar ba. Kwana uku ina juya tambayarka, kullum sai ta ƙara min duhu.

Shi ya sa na ɗauko baƙaƙen da Malam Sani ya koya mana ni da kai a kan tabarma ɗaya, ɗalibin nan ɗan Damagaram da ya zauna a ɗakinmu na ƙofa yana karatu a jami'a. Ka riga ni iyawa, ban manta dariyar da ka yi min ba. In ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka.

Ban ce kada ka tafi ba. Motocin da suka rage a unguwar nan ba su kai masu facin da ke jiransu yawa ba. Amma ka san injin iskan nan na hura taya shi kaɗai ya rage mana mai kawo abinci. In ka kai shi inda tayoyi ke birgima, mun ci, Haboba ta sha maganinta, ƙannenka sun koma makaranta. In ka kai shi inda suka tsaya, ko dawo da shi sai ya zama aiki. To ga abin da nake da shi: sau huɗu na zaɓi gari ko sana'a da idona a buɗe, sau huɗu na sha ƙasa. Zan jera maka su yadda suka faru, ka tsinci abin da za ka tsinta.

Na farko a Aljirif, gefen Hartum, na yi shi, kana goye. Kakanka ya bar mana ɗan zirin gona a bakin kogi. Ba tamu ba ce, amma mai ita ya sakar mana noma tun kafin a haife ni: kuɓewa, lalo, ganyen jarjir. A lokacin kuɗin fetur ya cika Hartum. Duk inda ka juya gini ake yi, bene kan bene, lorori suna layi a bakin kamina, inda ake gasa jan bulo, suna kwasa tun bai huce ba. Na taɓa ganin direba ya naɗe hannu da tsumma yana loda bulo mai zafi don kada wani ya riga shi. Na tsaya a gonarmu na ɗaga kai na kalli gine-ginen, na ce a raina garin da ke hawa sama haka ba ya saukowa. Na je na lallashi mai gona, muka haƙe ƙasar, muka kwaɓa da kashin shanu, muka shiga buga bulo.

Maƙwabcinmu na gona Baba Audu ne, tsoho mai haƙori biyu. Ya leƙo ramin da na haƙa ya ce, "Haruna, wannan kabarin wa?"

Na ce, "Na talauci, Baba."

Ya ce, "To ka faɗaɗa shi, ba shi kaɗai zai kwanta ba."

Mun ɗan ci daɗi. Sai Kudu ta ɓalle daga ƙasar nan, fetur ya bi ta. Gine-gine suka tsaya a hawa na biyu, rodi a tsaitsaye a kansu kamar gashin wanda ya tashi daga barci. Bulona ya zauna a jere har ciyawa ta tsiro a tsakaninsa, awaki suna zuwa kiwo. Baba Audu kuwa kullum da safe ya ɗaura jarjir a kan jaki, kafin hantsi ya dawo da buhu a naɗe. Wanda ya fasa gini bai fasa cin waken ful da ganye ba.

Don haka in ka sauka a gari, kada tsawon gini ya ɗauke maka ido. Ka tambayi abin da garin ke sayarwa wanda mutum ba zai iya ce masa "sai baɗi" ba. Gini ana ce masa sai baɗi. Miya ba a ce mata.

Sai dai ban gama haddace wannan darasin ba kogi ya cika ya haura, ya share gonar Baba Audu har da rumfarsa. Masu gyaran gidajen da ruwa ya rushe suka zo suka saye bulon da awaki suka bar min. A shekarar nan ni na riƙa kai wa tsohon sukari da ganyen shayi. To wa ya yi daidai a cikinmu? Har Allah Ya karɓi ransa ba mu raba gardamar ba.

Daga nan na koma tashar Suk al-Shabi ina dako, ina loda kaya a kan rufin bas-bas da lorori masu zuwa jihohi. A saman mota na yi karatun da ban yi a aji ba. Kowace mota da garinta, kuma gadon bayana ne ke faɗa min nauyin kowane gari. Motocin arewa, masu wuce Atbara zuwa kasuwannin masu haƙar zinariya, su ne ke karya mu: janareto, jarkoki, tantuna, buhunan sukari, da na'urar neman zinariya a naɗe cikin bargo kamar jariri, mai ita yana ta ihu daga ƙasa, "A hankali! A hankali!" Na ce ai shi ke nan, na gano. Garin da kaya ke bi da nauyi, can ƙarfi yake. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗauki jaka na hau.

Ba a yi min ƙarya ba, ladan dakon yini ɗaya a can ya fi na mako a nan. Abin da ba a faɗa min ba shi ne, ruwan sha saye ake yi, ruwan alwala saye ake yi, har inuwa haya ake ba da ita. Gadon igiya ne a ƙarƙashin rumfa, ka miƙe bayan azahar, kafin la'asar mai rumfa ya taɓa maka ƙafa ya miƙo hannu. Abin da ya shigo ta aljihun dama da safe, kafin magariba ya fita ta na hagu. Wata biyar na yi, na dawo da tari da jallabiyar da na tafi da ita.

Direban da ya kai ni shi ya dawo da ni, Amm Tijjani, ka san shi, mai gemun nan da lalle. Yana tuƙi yana kallona ta gefen ido, ya ce, "Ya zol, bawan Allah, na ɗauko ka da jaka ɗaya, ina mayar da kai babu jakar. Ko ita ce ta sami zinariyar ta zauna?"

Ya ƙara da cewa, "Kai da kullum kana kan rufi, ka taɓa sauke wa motar arewa kaya in ta dawo?"

Na yi tunani, wallahi ban taɓa ba. Rufinta fayau yake dawowa, mutanen ciki suna barci baki buɗe. Motar Gadarif kuwa da ɗan kaya kaɗan take tafiya, ta dawo tana nishi: dawa, riɗi, man riɗi a jarka, kaji a ɗaɗɗaure. Shekara biyu ina sauke su da hannuna, ban taɓa kawo abin a raina ba, don dakon dawowa ba ya biya kamar na tafiya.

Saboda haka ka tsaya a tasha ka kalli abin da ke fita daga gari, kada ka tsaya ga abin da ke shiga. Kuma kafin ka tambayi nawa ake faci, ka tambayi nawa ake jarkar ruwa da wurin shimfiɗa tabarma.

Amma nan ma akwai abin da ya ƙi zama min. Zinariya ba a kan rufi take dawowa ba, a ɗaure take a cikin wando. Cikin masu barcin nan baki buɗe akwai wanda ya sauka ya sayi gida. Shi kansa Amm Tijjani da jigilar ruwa zuwa can ya sayi lori ta biyu. Garin da ya cinye ni shi ya ƙosar da shi, a hanya ɗaya, a watanni ɗaya. To garin mai ƙarfi ne ko marar ƙarfi? Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Tambayi jakarka."

Na uku kana da wayo, amma ba ka san cikinsa ba. Na sami aiki a wata masana'antar sabulu a Bahri: riga mai tambari, jiniya da safe, albashi ƙarshen wata. Na ce to, yanzu na huta da zaɓe. Garin da ke da hayaƙin masana'anta shi ne gari, don sabulu ba a ce masa sai baɗi. Ashe kayan haɗin daga ƙetare suke zuwa, kuma da dalar Amurka ake sayo su. Jine, kuɗin ƙasar nan, ya fara zamewa. Aka shiga layin burodi, aka shiga layin mai, injin kamfani ya koma tashi kwana biyu a mako, sauran kwanakin muna share tsakar gida mai tsabta.

Innarka a lokacin tana sayar da shayi a bakin titin kamfanin. Wata rana tana wanke kofuna ta ce min, "Baban yara, ka lura da mai facin ƙofarku? Da baƙin shayi yake sha. Yanzu da madara yake sha, har yana saya wa baƙo. Mai shagon sababbin tayoyi kuwa ya koma cewa in rage sukari, wai likita ne ya hana shi. Ranar da wani ke biya, likitan ba ya hanawa."

Na yi dariya. Ta ce, "Ba dariya na ba ka ba. Mutane sun daina sayen sabuwa, tsohuwar suke ta liƙewa. A kai yaron nan ya koya."

Na ce, "Ɗana ba zai zauna bakin titi yana tofa wa tib ɗin taya yawu yana neman huji ba."

Shekara guda cur ina kan wannan maganar, da riga mai tambari da aljihu babu nauyi. Rannan na dawo na tarar da wani abu a tsakar gida an lulluɓe shi da tsohon mayafi, kunnuwan innarka kuma babu 'yan kunnen aurenta. Na ce, "Mene ne wannan?" Ta ce, "Baƙo ne, ka gaishe shi." Injin nan ke nan da za ka ɗauka ranar Alhamis. Kafin shekara ta zagayo kamfani ya sallami rabinmu, kuma banshar ɗin nan naka, yadda kake kiran faci, shi ya riƙe gidan.

To in ka sauka, ka nemi mai shayin tasha ka zauna a bencinta safiya uku. Kada ka yi surutu. Ka duba su wa ke shan madara, su wa likita ya hana sukari. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma mai shayi tana riga gwamna sanin miya ta ƙare. In mace mai zaman kasuwa ta faɗa maka magana, kada ka yi shekara kamar ubanka.

Na huɗu kana ciki, ka ɗauki rabin nauyinsa a kafaɗarka, amma bari in faɗa maka yadda yake daga wajena.

Da yaƙi ya faɗo, ka ga abin da na gani. Hartum da muke cewa uwar garuruwa, inda bankuna suke, inda kowane kaya ke kwana kafin ya wuce, cikin 'yan makonni ta zama wurin da ake gudu daga gare shi. Bahri ta yi shiru. Na zauna na fito da duk ma'aunan da wahala ta ba ni, na ɗora garin Madani a kai. Tana sayar da abin da ba a ce masa sai baɗi? Tana tsakiyar gonaki. Motocinta suna dawowa da nauyi? Na sauke su da hannuna. Ruwa da wurin kwana? Da sauƙi. Na tambayi innarka don kada in maimaita na Bahri, ta ce duk matan da ta sani can suka nufa. Karon farko a rayuwata komai ya yi daidai da komai.

Haboba ce kaɗai ta ƙi barin gidanmu na Umdurman. Na durƙusa na ce, "Yumma, Umdurman ta mutu, ki tashi mu tafi."

Ta ce, "Kakannina da ƙafa suka taso za su Makka, a nan suka gaji suka zauna. Gajiyar tasu ce a jikina. Ku gaida Madani."

Na bar ta a hannun maƙwabta a can arewacin gari, ina tafe ina jin na bar uwata a kabari.

Ka tuna watannin farko a Madani? Duk motar da ta tsero daga Hartum da huji take isowa. Hannunka bai huta ba, har ka fara shan madara. Na ce wa innarka, "Kin gani? Wannan karon na iya." Bakina bai bushe ba yaƙi ya iso can ma. Muka ɗora injin a kan karon jaki, kai kana turawa, ni ina riƙe da ƙanwarka. Muka zaga ta Gadarif, ta Kasala, ta Atbara, ta Shandi, hanyar da da a yini ɗaya ake yinta ta cinye mana watanni, don a kowane gari sai mun sauke injin mun yi facin kuɗin mota.

Muka iso Umdurman ina shirin karɓar gaisuwar mutuwa. Me muka tarar? Haboba zaune a kan kujera 'yar tsugunno, da muciya mai tsawon mutum, tana juya tukunyar waken adas a takiyar unguwa, inda ake dafa wa kowa kyauta, mutane a layi da kwanoni. A kan titin da babu ko shago da, kasuwa ta tsiro: mai gawayi, mai cajin waya da faifan hasken rana, mai aski a ƙarƙashin bishiya. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Har kun gama gaida Madanin?"

Ɗana, a nan ma'aunaina suka zube. Garin da na auna da hankali ya faɗi, wanda na yi wa sallar gawa yana ciyar da mutane. Ban san shawarar da zan ciro maka daga wannan ba. Na juya, na juya. Iyakar abin da na samu shi ne: duk inda ka zauna, ka san hanyar fita tun ranar da ka shiga, kuma kada ka kafe injin da siminti. Ka bar shi a kan tayoyinsa.

Yanzu ga garuruwan da kuke ta ambata kai da abokanka.

Bur Sudan ban taɓa taka ta ba, ji nake. An ce jiragen ruwa suna nan, ofisoshi sun koma can, tireloli ba sa yankewa. An kuma ce ɗaki ɗaya ya fi ƙarfin mai albashi, ruwa a jarka ake saye, zafi kuma ba a magana. Wannan ya yi min kama da inda na bar jakata. Kuma ofisoshin da suka je da ƙafarsu, ga shi ana cewa sun fara dawowa da ƙafarsu. In sun taho da kuɗinsu fa? Amma teku ba ta tahowa. To ban sani ba. Haboba ta ce hangen Dala ba shiga birni ba, ita da ba ta taɓa ganin Dalar ba, kakarta ce ta ƙunso karin maganar daga Kano.

Atbara mun gan ta tare. Hanyoyi sun haɗu, ga siminti, ga 'yan zinariya, mota ba ta ƙarewa. Sai dai ka lura da abin da na lura? Kowace inuwa a bakin titi da mai faci a ƙarƙashinta, rabinsu mun san su daga Bahri. Gari mai ƙarfi da kowa ya ji labarinsa, ƙarfin nasa kashi nawa za a raba?

Akwai masu cewa ma ka zauna, Hartum za ta farfaɗo, mutane suna dawowa, an fara neman bulo. Da na ji kalmar bulo sai da gabana ya faɗi. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila ni ne wanda maciji ya sara, nake gudun igiya.

Sai Shandi. Duk lokacin da na auna, Shandi ke rinjaye. Ga albasa, ga kogi, ga babbar hanya, ga sauƙin haya. Na auna da safe, Shandi. Na auna bayan la'asar, Shandi. Har na ɗauki biro zan rubuta maka ita in huta.

Jiya na sami Haboba tana tsince adas a faifai. Na zauna a gefen tabarmarta, na jera ƙwallayen dabino, kowanne gari ɗaya, ina yi mata bayani kamar malami. Ta bar ni na gama. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wannan da kake ta jawowa kusa da gwiwarka, wane gari ne?"

Na ce, "Shandi, Yumma."

"Me ke Shandi?"

"Albasa. Da hanya."

"Lori nawa albasa ke hujewa?"

Ba ta jira amsata ba ta ce, "Awa nawa ce daga ƙofar gidan nan?"

Na ce, "Uku, in hanya ta yi kyau."

Ta ce, "To ba gari kake aunawa ba, Haruna, hanya kake aunawa. Ni na goya shi, ni na yaye shi. In akwai mai ikon riƙe masa riga, ni ce, kuma na saki." Ta miƙa hannu ta ɗauke ƙwallon ta jefa wa akuya.

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ranar mayafin nan. Ashe kwana ukun da na yi ina cewa kaina ya ɗaure, rabin ɗaurin ni na yi shi da hannuna. Ina son garin da in an ce min ba ka da lafiya da safe, zan iso kafin azahar. Wannan ba ƙarfin gari ba ne, raunin uba ne, kuma bai kamata in loda maka shi a kan injin ba.

Da na cire Shandi, ga abin da ya rage a tabarma. Ka ce gari ɗaya, to ga shi: Gadarif.

Dalilina kaɗan ne. Ko jine ya zama takardar ƙunshin gyaɗa, za a ci dawa, za a nemi riɗi. Motocinta na san nauyinsu a bayana. Makonnin da muka yi a can na ga inda lorori da taraktoci ke fitowa daga hanyar gona su hau kwalta, tayoyinsu cike da ƙaya da kututturen kara, kuma mai faci ɗaya na gani a wurin, tsoho, da famfon hannu. Mutanenmu suna da yawa, za ka ji Hausa a kasuwa, ba za ka rasa wanda zai ce maka zo ka ci ba. Lokacin kaka ya kusa, in ka tafi yanzu za ka riga lororin isa.

Abin da ke kaina kuma ba zan ɓoye maka ba. Garin damina ne: in ruwa ya ƙi, komai ya ƙi. In an gama kwashe amfani yakan yi shiru wata da watanni. Laka tana riƙe mota har ta riƙe mai faci. Wataƙila tsohon nan yanzu ya zama su goma. Kuma Madani ma haka na jera mata dalilai, har sun fi waɗannan kyau. Gadarif tana da nisa, ɗana. Wannan kaɗai ne ya sa na ɗan yarda da zaɓin, don na san ba son raina ne ya yi shi ba.

In ka isa, kada ka kwance injin sai ka yi safiya ukun nan a bencin mai shayi. Ka riƙe salla a kan lokaci. Kada ka liƙa wa mutum facin da ka san ba zai kai shi gida ba, direba ba ya manta wanda ya kwanar da shi a daji. Ka ci abinci kafin ka aiko mana, mu muna da takiya, kai ba ka da kowa sai cikinka.

In kuma Gadarif ta ƙi, kada ka zauna kana kare maganata. Ka ɗaure injin ka bi inda idonka ya nuna maka, don kai ne a wurin, ni ina nan da ƙwallayen dabino. Babu wanda zai ce ka gaza. Kuskuren nawa ne, na biyar, ina da wurin ajiye shi kusa da 'yan'uwansa. Ka dai kira innarka ka faɗa mata sunan garin da ka koma, don mu san inda za mu riƙa juya fuska in muna yi maka addu'a.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ka a kwalta da hanyar gona, Ya sa albarka a hannunka da abin da hannunka ya taɓa. Ya ba ƙasar nan zaman lafiya, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Na yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe min. Na ba Allah ajiyarka, Shi ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna,
Umdurman.